Jama'ar Gombe a yi hattara da motocin da suka sha ruwa

Salamu alaikum. Wallahi na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan saboda kunya, amma jiya na sake ganin dillalin nan da ya sayar mana da motar da ta sha ruwa ya saka wata mota a Facebook da sabon suna, sai na ga shirun ya isa haka.

Wata uku da suka wuce ƙanina ya tattara ɗan abin da ya tara a sana'ar waya ya ce mota zai saya ya riƙa jigila Gombe zuwa Bauchi. Muka ga wata Corolla a wani shafi, fes da ita, kuɗinta ya gaza na kasuwa da fiye da miliyan ɗaya. Dillalin ya ce ta wani Alhaji ce, matsuwa ce ta kama shi za a yi wa iyalinsa aiki, yau-yau yake son kuɗi. Ya ce mu same shi wajen Tashan Dukku da la'asar, ya yi ta ja mana rai a waya sai da magariba ta kawo kai sannan ya ɓullo. Na ce bari in kira makanikina, sai ya ce "Haba yallaɓai, ga wani can ya taso daga Kumo da kuɗi a hannu, in ba ku ba da kafin alƙalami ba ni dai ba ruwana." Ina buɗe ƙofa turare ya buge ni har cikin ka, ni kuma da wautata na ɗauka tsafta ce. Inji ya tashi lafiya lau, muka zaga Jekadafari muka dawo, muka tura kuɗi.

Sati biyu ba a cika ba gilashin ƙofa ya ƙi sauka, hon ya fara kaɗawa shi kaɗai da tsakar dare har maƙwabta suka fito, daga nan giya ta soma fizga. Mai gyaran wayarin da muka kai wa bai ma ɗauko na'ura ba, bel ɗin kujera kawai ya zaro har ƙarshe, sai ga layin busasshiyar laka kwance a jiki. Ya ɗaga kafet, soson ƙasa ya yi baƙi yana warin ruma, notinan kujera duk tsatsa, ramin safaya taya akwai yashi a lungu. Ya cire soket ɗaya ya nuna min cikinsa ya yi kore shar. Ya ce "Oga, wannan ai har sitiyari ruwa ya kai mata." Abin da ya fi ƙona min rai, da ya kwance dashbod sai muka tarar an liƙe fitilar cek inji da ta iyabag da baƙin salatef.

Matsalar ruwa ke nan, ba ya nuna kansa ranar ciniki. Za a juye baƙin mai, a wanke inji, a shanya kujeru, mota ta tashi, amma damshin yana nan yana cin wayoyi da birenbos, wato kwamfutar mota, a hankali, yau wannan ya mutu gobe wancan. Kun dai tuna ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, motoci nawa muka gani a bidiyo rufinsu kawai ake hange? Ba duka aka kai bola ba. Haka su ma Baljiyam ɗin da muke rububi, a Amurka in guguwa ta nutsar da mota kamfanin inshora gwanjonta yake yi da arha, wasu a loda su jirgi sai Kwatano ko Legas. Irin waɗannan ku ɗauki lambar shasi, haruffa da lambobi ce guda 17, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, a duba muku tarihinta a intanet kafin ku biya ko sisi.

Ni ban ce sayar da motar da ta sha ruwa laifi ba ne, mutanen Borno asara suka yi Allah ya mayar musu da alheri. Ka faɗa, mai saye ya saya da saninsa a kuɗin da ya dace. Ɓoyewar ce ha'inci.

Don Allah kar ku duba mota da yamma, kar ku je babu makanikinku da mai wayarin. Ku murɗa makulli ba tare da kun tayar ba, fitilun dashbod su kama duka, wadda ta ƙi kamawa ku tambayi dalili. Ku zaro sandar baƙin mai, in ya yi kalar shayi da madara ku kama gabanku. Wanda kuma ruwan damina ya shanye tasa motar a kwari, kar ya gwada tayarwa, ruwa in ya shiga silinda lanƙwasa kwanrod, ƙarfen da ke riƙe fistin, yake yi, a cire kan batir a jawo ta gareji.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, lambar mutumin a kashe, sunan da ke takardun motar ma ba mu samu mai shi ba. Wadda ya saka jiyan Honda ce ruwan toka, labarin dai shi ne, wai Alhaji za a yi wa iyalinsa aiki. Tamu tana nan ƙofar gida an rufa mata tamfol, ƙanina ya koma teburin wayarsa.