Kwantena ko Katakon Haɗa-da-Kwancewa: Wanne Ya Fi Dacewa da Ƙaramin Shagon Gahawa?

'Yar'uwa, kin ce kin samu hayar ɗan fili a tsakiyar birni na shekara 5, kina son kafa shagon gahawa mai kujeru 10 wanda ba zai cutar da muhalli ba, kuma za ki iya ɗauke shi idan wa'adi ya cika. Tambayarki ita ce: tsohuwar kwantena ko bangon katako da ake ƙerawa a masana'anta a zo a ɗaure? Ni dai katako zan zaɓa miki, amma bari in ba kwantena haƙƙinta tukuna.

Kwantena an yi ta ne don tafiya. Tun 1956 da ɗan kasuwar sufuri Malcom McLean ya loda guda 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston a Amurka, aikinta ke nan: a ɗaga, a ajiye, a sake ɗagawa. Mai tsawon ƙafa 20 ba ta wuce tan 2 da ɗoriya ba idan babu kaya, kuma a kan kusurwoyi huɗu take tsayawa, don haka ba ta buƙatar babban tushe na siminti. Bayan girgizar ƙasar Christchurch a New Zealand a 2011, da kwantenoni aka tayar da kasuwar wucin gadi cikin watanni kaɗan. Kamfanin gahawa na Starbucks ma ya buɗe shago a Hualien ta Taiwan a 2018 da kwantena 29. Wajen sauri da ƙaura, babu mai ja da ita.

Matsalar tana farawa ne ranar da kika shiga ciki da abin awo. Faɗin cikinta kusan mita 2.35 ne. Sa abin tare zafi mai kaurin santimita 8 a kowane gefe, saura mita 2.19. Kanta, wato teburin sayarwa, ta ci santimita 65, mai haɗa gahawa yana buƙatar 90 don ya juya da butar madara ba tare da ya bugi firji ba. Abin da ya rage bai kai santimita 65 ba. Ina mai saye zai zauna? Sai a ce a yanke bangon gefe a buɗe. To wannan bangon mai lanƙwasa-lanƙwasa yana cikin abin da ke riƙe rufin. Kina yanke shi, dole a kawo sabon ƙarfe a yi walda a tokare. Wannan ne ke ci mini rai: an sayi tsohon abu don a rage ɓarna, an ƙare da sayen sabon ƙarfe, alhali sarrafa ƙarfe na fitar da kusan kashi 7 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Ki kuma tambayi mai sayarwa da kyau, domin yawancin masu ƙyalli da ake tallatawa sau ɗaya kawai suka yi tafiya a teku. Sayen irinsu ba ceto tsohon kaya ba ne.

Sai zafi. Ƙarfe yana wuce da zafi ninki ɗaruruwa fiye da itace. Ga rana a kan rufi, ga injin gahawa mai baki biyu yana jan kilowat 3 zuwa 4 tun asuba, ga tururi. Idan tururin nan ya ratsa ya taɓa ƙarfe mai sanyi da dare, bango ya yi gumi ta ciki, tsatsa ta fara ci a wurin da ido ba ya gani. Daɓen katakon da ke ƙasanta kuma sau da yawa an jiƙa shi da maganin ƙwari, bai dace da wurin sayar da abin sha ba sai an cire ko an rufe shi ruf.

Shi kuwa katakon, wanda ake manne falle 3 ko 5 a giciye da juna, an fara bunƙasa shi a Austiriya da Jamus a shekarun 1990. Babban alherinsa shi ne ke za ki faɗi awon, filinki ne zai yi magana. Idan filin kwana ne ko siriri, a yanka bangon daidai da shi, tagogi da ramukan waya duk an huda tun daga masana'anta. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne da bishiya ta zuƙa, kuma yana nan a kulle muddin bangon yana tsaye. 

Ba na ɓoye miki lahaninsa. Ruwa maƙiyinsa ne, gara ma haka. Sai an ɗaga shi daga ƙasa, an yi masa rufi mai baki da ya zarce bango, an sa tayil ko farantin ƙarfe a bayan wurin wanke-wanke. Idan kuma daga wata nahiya za a yi jigilarsa, ko ba a san dajin da aka sare shi ba, ribar muhallin ta ragu sosai; ki nemi shaidar FSC, wato tambarin da ke nuna daga dajin da ake kula da shi aka samo katakon. Sannan ki tsaya kai da fata a kan cewa da noti da kusoshi masu murɗawa za a haɗa bangayen da juna. Abin da aka liƙe da gam ba ya kwantuwa sai da fasawa.

Idan ta taga kawai za ki riƙa miƙa wa masu wucewa kofi, kuma kina tsammanin sauya wuri duk shekara, sayi tsohuwar kwantena ta gaske, ki huda taga ɗaya, ki yi mata rumfa a sama. Amma ke kin ambaci kujeru 10 da shekara 5. Kafin ki biya kowa, ki je ofishin da ke ba da izinin gini ki ji ƙa'idarsu kan gobara da magudanar ruwa, sannan ki zana kantarki da alli a ƙasan filin ki tsaya a ciki.