Akcuwetar Bawul: Mai Sifirin da Faifan Roba ko Mai Fistin, Wacce Za Ka Saya?

Bawul ɗin da ke daidaita tururi ko ruwa a masana'anta ba ya motsa kansa. Akcuweta ce ke tura sandarsa ko ta juya shi, gwargwadon iskar da aka ba ta. Idan za ka sayi sabuwa, kafin maganar kuɗi ka fara da tambaya biyu: ranar da iska ta ɗauke, a ina bawul ɗin zai tsaya, kuma da wane kaya za ka gyara ta bayan shekara uku ko huɗu?

Ni dai zaɓina mai sifirin da faifan roba ce, wato dayafiram, kuma ba na ɓoyewa. In ka buɗe ta, abin da za ka gani kaɗan ne: murfin ƙarfe biyu, roba a tsakaninsu, sifirin, sai sanda. Iska ta danna robar, sifirin ya turje, inda ƙarfinsu ya zo ɗaya nan sandar ke tsayawa. Shi ya sa tsohuwar siginar iska ta psi 3 zuwa 15 (psi ma'aunin matsin iska ne) take iya sarrafa ta kai tsaye, a 3 tana farkon tafiya, a 15 ta kai ƙarshe. A yau galibi siginar lantarki ce ta miliyam 4 zuwa 20 ke zuwa, fozishina, wato na'urar da ke daidaita matsayin sandar, ta mayar da ita iska, amma aikin cikin bai canza ba. Robar lanƙwasawa take yi, ba ta gogar bango kamar fistin, don haka sandar ba ta maƙalewa ta yi tsalle. Wanda ya taɓa kwana yana kallon ma'aunin zafi yana hawa da sauka saboda bawul mai tsalle ya san darajar wannan.

Sai maganar ɗaukewar iska. Sifirin ba ya jiran umarni, nan take yake mayar da bawul mazauninsa. Dubi akcuwetocin kamfanin Fisher guda biyu, 657 da 667: a ta farko iska ke tura sanda ƙasa, a ta biyu iska ke ɗaga ta. A kan bawul ɗin da ake dannawa ƙasa ya rufe, 657 za ta bar shi a buɗe in iska ta tafi, 667 kuma ta rufe shi. Ruwan sanyaya inji ana so ya zauna a buɗe, tururi ko man da ke zuwa tukunya ana so ya rufe. Ka tantance wannan tun kafin ka yi oda, domin juya shi daga baya wahala ce.

Mai faifan roba tana da iyaka, ban musa ba. Tafiyar sandarta gajeruwa ce, ba ta ɗaukar iska mai ƙarfi, kuma a kan babban bawul girmanta har ya yi yawa. A nan mai fistin ke da amfani, tana iya ɗaukar kusan psi 150, ta yi doguwar tafiya. Amma mai karɓar iska ta ɓangare biyu ba ta da mazauni in iska ta ɗauke, sai ka ƙara mata sifirin ko tankin ajiya, ga zoben roba da ke cinyewa. Cikin masu fistin akwai masu juya bawul iri biyu. Mai haƙoran giyar inji ta buɗe-rufe ce a kan ƙananan bawul masu juyawa. Mai gwafa, wadda ake kira sikoc yok, ta manyan bawul ce masu taurin buɗewa. In ɗaya daga cikin biyun nan kake nema, ka duba wajen ɗaura ta a kan bawul ya dace da ƙa'idar ISO 5211, shi ke nan.

Yanzu ga abin da ya taɓa ƙona ni. Wani mai kawo mana kaya ya ba mu robar canji a cikin leda mai kyau, lambarta daidai da ta littafi. Muka ɗaura. Ba ta yi wata biyu ba ta yage da tsakar dare, bawul ɗin tururi ya rufe, layin aiki duka ya tsaya. Da na yanka ta da wuƙa, roba ce zalla, babu saƙar zare a ciki. Ta asali tana da yadin nailan a jikinta, shi ke riƙe matsi. Tun daga ranar, duk kamfanin da ba zan iya samun safayarsa ta asali daga wakilinsa ba, ba na sayen akcuwetarsa komai kyanta.

Jabu sun yi yawa, ɗan'uwa, kuma leda da tambari ba shaida ba ne. Ka dubi gefen robar ka ga zaren. Ka ɗora ta kan tsohuwar, ramukan noti su hau juna ba tare da ja ba. Ka lanƙwasa ta a haske. In ƙananan tsaga sun bayyana, ta tsufa a ajiya, ko da ba a taɓa ɗaura ta ba, domin rana da zafi na cin roba tun tana kan kanta. Ka tambayi irin robar: naitiril ita ce ta yau da kullum, tana jure mai, amma iyakarta wajen digiri 80 ne a ma'aunin Salsiyos, wuri mai zafi sosai sai silikon. Robar da ake kira EPDM kuwa kumbura take yi in man inji ya taɓa ta. Kuma ka yi oda da lambar da ke jikin farantin na'urar, ba da kwatance ba.

Akwai kuma masu wanke tsohuwar akcuweta, su fesa fenti, su manna sabon faranti. Fenti a kan zaren noti ko sawun sifana a ƙarƙashin fenti ya isa ya sa ka tsaya. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na kan teburi: kafin ka haɗa ta da bawul, ka ba ta iska a hankali kana duban geji. Sandar ta fara motsi a lambar matsin iska ta farko da aka rubuta a faranti, ta gama tafiyarta a ta ƙarshe. In ba haka ba, sifirin ɗin ciki ba nata ba ne, ko ya mutu. Ka shafa ruwan sabulu a bakin murfi da wajen sandar, kumfa ta nuna maka yoyo.

Kada ka sayi akcuweta ka yi rowar matatar iska da regileta mai daidaita matsinta. Ƙa'idar ISA 7.0.01 ta ce girman ƙwayar ƙurar da ke cikin iskar na'urori kada ya wuce maikiron 40 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), man inji kada ya wuce kashi 1 cikin miliyan, kuma iskar ta bushe sosai. Ruwa da man kwamfireso ke toshe fozishina su sa sifirin tsatsa, sai a ɗora wa akcuweta laifi. Ka riƙa zubar da ruwan da ya taru a gindin matatar.

Ranar da za ka canza robar, ka rufe layin, ka sauke iska gaba ɗaya, ka sassauta sifirin har ya daina turjiya kafin ka taɓa notin murfi. Masu ƙananan sifirin da yawa a ciki sukan zo da wasu dogayen noti. Su ake kwancewa a ƙarshe, kaɗan-kaɗan, ɗaya bayan ɗaya a kewaye.