Ƙararrawar kamfani ko mai bindiga a bakin ƙofa?

Ofishin gwamnati a Najeriya in zai nemi tsaro, hanya biyu ce. Ta farko, a ba kamfani mai zaman kansa kwangila ya kafa kyamara da ƙararrawa. Ɓarawo na taɓa tagar sito da tsakar dare, sai ta yi kuka a ɗakinsu na sa ido. Sai dai dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta hana masu gadin kamfani riƙe bindiga, iyakarsu kulki da buga waya. In kuma aka ɗauke wuta babu batir ko sola, an yi aikin banza.

Ta biyu, 'yan sanda ko Sibil Difens. Ga bindiga kam, amma ɗan Adam ne, gyangyaɗi na kwasarsa. Ni dai in ana kwana da kuɗi a ofishin, su zan fara nema.