Kenya ko Habasha: wace hanya ta fi dacewa da mu kan maganar rezo da ayyukan gomnati ta waya?

Salamu alaikum jama'ar gida. Malam, jiya da dare ka tambaya wai mi ya fi ma ƙasa irin tamu Nijar, gomnati ta riƙe harkar salula da intanet ita kaɗai ko ta sakar ma ƴan kasuwa, kuma ta ina ake bi har a kai ranar da mutum zai nemi takardar haihuwa ko kaziye daga wayarshi ba sai ya je ya yi layi ba. Na ga wasu na cewa a ƙwace komi a maida hannun hukuma, wasu na cewa ai gomnati ba ta iya kasuwanci ba. To ga ƙasashe biyu maƙwabtan juna da kowace ta ɗauki ɗaya daga cikin hanyoyin nan ta yi shekaru sama da 20 a kanta, Kenya da Habasha, sai mu duba inda kowace ta kai.

Habasha dai cewa ta yi waya harkar ƙasa ce, ba baƙon da zai sa hannu. Kafin 2022 kamfani guda ne, Ethio Telecom, na gomnati ɗari bisa ɗari, shi ke saida layi shi ke kafa antena shi ke yanke kuɗin kira, in bai yi maka ba sai dai ka yi haƙuri don babu wani shagon. Kuɗin ginin rezon kuma bashi ne, a 2006 sun ƙulla da ZTE na ƙasar Sin kan dalar Amurka miliyar 1.5, a 2013 suka ƙara wata yarjejeniya ta miliyar 1.6 da ZTE da Huawei. Kuma gaskiya an yi aiki, rezo ya shiga ƙauyukan da ɗan kasuwa ba zai taɓa kai jarinshi ba tunda babu riba, sannan ribar kamfanin ba ta fita waje, baitulmali take shiga. Wannan shi ne abin da masu cewa a ƙwace komi suke hange kuma ba ƙarya suke ba.

Amma fa talakan Habasha ya biya wanga tsari da tsada. Shekara da shekaru intanet ɗinsu na cikin masu tsada da rashin ƙarfi a yankin, sai a 2018 aka yi ragi mai yawa. Biyan kuɗi ta waya da maƙwabtansu suka fara tun 2007, su kamfanin nasu bai fito da Telebirr ba sai watan Mayun 2021, ka lissafa shekara 14 kenan. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maɓallin kashewa, in rezo duka a hannu guda yake to umarni guda ya isa a rufe bakin ƙasa baki ɗaya, an yi haka lokacin jarrabawa a 2019, yankin Tigray kuwa daga Nuwamban 2020 kusan shekara 2 suka yi ba kira ba intanet, mutum bai san ko uwarshi na raye ba. Daga ƙarshe su da kansu suka buɗe ƙofa, a 2021 suka saida lasisi kan dala miliyon 850, kuma wa ya saya? Gungun kamfanonin da Safaricom na Kenya ke jagoranta, suka ƙaddamar da aiki a ƙasar a Oktoban 2022.

Kenya kuwa a 1999 ta raba tsohuwar ma'aikatarta ta waya da gidan waya gida uku, masu aikin waya daban, masu wasiƙa daban, hukumar sa ido daban. A 2000 Vodafone ya sayi kashi 40 cikin 100 na Safaricom, aka kuma ba wani kamfani Kencell lasisi, wanda daga baya ya koma Celtel, ya koma Zain, ya koma Airtel, sunayen da mu ma nan mun san su sarai don haka suka canza a kan katin krediyinmu. Sai dai Malam kar ka ɗauka gomnatin Kenya wanke hannunta ta yi ta koma gefe. Ko bayan ta saida ma jama'a hannun jari a 2008 ta rage ma kanta kashi 35 na Safaricom. Da M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta waya na Safaricom, ya fito a Maris 2007 bankuna sun so a taka mishi birki, babban bankin ƙasar ya ce a bari a gani yana sa ido. Kuma gomnati ce ta ja gaba wajen jawo igiyar fibir ta ƙarƙashin teku daga Fujaira ta Daular Larabawa zuwa Mombasa a 2009, daga nan ne kuɗin intanet ya fara sauka.

Kan wanga tushe suka ɗora ayyukan hukuma. A 2013 suka fara buɗe cibiyoyin Huduma, wuri guda da za ka shiga ka gama harkar katin ɗan ƙasa da sauran takardu ba sai ka zagaya biro biyar ba, a 2014 kuma shafin intanet na eCitizen ya zo, ka cika buƙatarka a waya ka biya ta M-Pesa a ba ka rasit. Abin lura nan, mutane sun riga sun saba tura kuɗi ta waya shekara 7 kafin gomnati ta ce su biya ta haka, ba dole aka yi musu ba. Habasha ita da ta zo a makare sai ta bi ta tilas, a 2023 aka wajabta biyan kuɗin mai ta waya a Adis Ababa, kuma ya yi aiki, mutane miliyoyi sun shiga cikin ɗan lokaci, amma hanyar ta bambanta.

Kenya ma tana da nata ciwon. Safaricom ya yi girman da mafi yawan kuɗin da ke yawo ta waya ta hannunshi suke bi, wato an gudu daga kamfani guda na gomnati an kusa faɗawa hannun kamfani guda na kasuwa, ranar da M-Pesa ya tsaya ƙasa ta tsaya. A Yulin 2023 masu kutse sun kai ma eCitizen hari ayyuka suka tsaya cik. Kuma katin shaidar ɗan ƙasa na zamani, Huduma Namba, da aka kashe ma kuɗi masu yawa, a 2021 kotu ta ce an saɓa doka don ba a tantance yadda za a kare bayanan mutane ba kafin a fara.

To mu fa? Mu ai mun ɗanɗana duka biyun. An saida kaso mafi yawa na Sonitel a 2001 ga ƴan Sin da ƴan Libiya, abin bai yi kyau ba gomnati ta maido shi hannunta a 2012, a 2016 aka haɗa shi da SahelCom ya zama Niger Telecoms. A gefe guda ga Airtel ga Moov, ga Orange da ya zo a 2008 ya tafi a 2019 ya bar ma Zamani. Saboda haka ni a ganina gardamar wa ke da kamfani ba ita ce za ta fisshe mu ba. In dole sai na zaɓa, hanyar Kenya nike zaɓa, amma da sharaɗin gomnati ta riƙe abin da ya zama nata ta riƙe shi da ƙarfi. Dubi babbar kasuwar Maradi, hukuma ke da fili da rumfuna da tsari, amma ba ita ke saida atamfa ba, kuma ranar da aka ce mutum guda ne zai saida atamfa a kasuwar duka kowa ya san yadda farashi zai koma. Fibir ɗin da ke ratsa ƙasa, rajistar ƴan ƙasa, wurin ajiyar bayanai da hukumar sa ido irin ARCEP, waɗannan na ƙasa ne. Saida forfe da kredi da kafa antena a unguwa, a bar su su yi ta tsere.

Inda muka fi kama da Habasha shi ne ba mu da teku. Su ta Jibuti intanet ɗinsu ke shigowa, mu sai ta ƙasashen maƙwabta, shi ya sa aikin fibir na ratsa Sahara da Bankin Raya Afirka ya sa ma kuɗi, sama da kilomita 1000 a cikin Nijar zuwa iyakokin Aljeriya da Cadi da Najeriya da Benin da Burkina, ya fi mini muhimmanci fiye da kowane sabon shafi da za a ƙaddamar a Yamai. Ƙofa guda in ta rufe kun shiga uku, mun gani da idonmu a Agustan 2023 da aka yanke kuran daga Najeriya, antena ba ta aiki da iska, sai gazuwal ko hasken rana, kuma kuɗin gazuwal ɗin a kan mai sayen forfe na jikka guda yake ƙarewa.

Sai maganar mutanen da za su yi amfani da abin, wadda ita ce ke damuna fiye da komi. Tun 2017 muke da ANSI, hukumar ƙasa mai kula da harkar fasahar zamani, a 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyon 100 don shirin ƙauyuka masu fasahar zamani, niyya akwai. Amma tsohuwar da ke Dakoro ko Mayahi mai ƙaramar waya ta maɓalli, ba ta karanta Faransanci, wataƙila ko takardar haihuwa ba ta da ita, shafin intanet mai kyau ba abin da zai yi mata. Ruwanda, wadda ita ma ba ta da teku, da ta buɗe Irembo, shafinta na ayyukan hukuma, a 2015 ta haɗa shi da wakilai a cikin garuruwa masu cika ma mutum buƙatarshi, da lambar da ake dannawa a ƙaramar waya. Mu kuma wakilan muna da su tuni, dubi yadda shagunan Nita da Amana da Al Izza suka cika ko'ina, mutumin ƙauye ya yarda da su yana ba su kuɗinshi ya karɓi ƴar takarda ya tafi hankali kwance. Da za a ba irin waɗannan shaguna da matasan da ke gyaran waya izini da horo, a fara da abu kaɗan, takardar haihuwa, kaziye, nasiyonalite da biyan tambur, da saƙon murya cikin Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, a rubuta kuɗin kowane aiki ɓaro-ɓaro a bango yadda ba mai ƙara ko dala a kai, mutumin Gidan Rumji ba zai ƙara biyan kuɗin mota zuwa da dawowa ya kwana a Maradi don takarda guda ba.