Acaɓar da ba ta hayaƙi a Kigali

'Yan uwa na gida, abin da ya fi tsaya mini a rai tun zuwana Kigali, babban birnin Ruwanda, shi ne ranar da na hau acaɓa a unguwar Nyabugogo, muka tashi babu ƙara babu hayaƙi, har na ɗauka a kashe muke gangarawa. Ashe babur ɗin na lantarki ne. Da muka iso rumfar kamfanin Ampersand sai ɗan acaɓar ya nemi uzuri, aka zare batirin da ya yi sanyi aka zura cikakke, kafin in gama gyara hular kwanon da ya tilasta mini sakawa har mun koma kan titi. Nan take na tuna hayaƙin da muke shaƙa a bakin Kantin Kwari, wanda yake sa farar shadda ta koma gida da datti.

Tun Janairun 2025 aka daina yi wa sababbin baburan haya masu shan fetur rajista a birnin, leda kuwa an haramta ta tun 2008, ko da yake jakar takardar da ta maye gurbinta tana yagewa da zarar tumatir ya jiƙa ta. Tsabtar nan haja ce, domin da ita Ruwanda take jawo baƙi. Baƙo daga wajen Afirka mai son ganin goggon biri a gandun dajin Volcanoes yana biyan dala 1,500 don awa ɗaya tak, mutum takwas kacal ake bari a kowane rukuni, kuma a 2023 yawon buɗe ido ya kawo wa ƙasar kimanin dala miliyan 620.

Sai dai jirgin da ya ɗauko baƙon daga Amurka ya riga ya zubar da hayaƙin da baburan unguwa guda ba za su rama ba a ranar. Arziki yana ƙaruwa, motoci suna ƙaruwa, wani ɓangare na wutar lantarkin ma daga ƙona ƙasar fadama a gundumar Gisagara yake fitowa, maƙwabtana kuma da gawayi suke girki. Duk da haka ba mu da bakin yi musu dariya, mu da kowane otal da shago yake kwana da janareta, muke kuma cusa ledar ruwa a kwata mu jira damina ta kwashe.