Hattara da masu sayar da tsohon kan jirgin ƙasa na wasa da sunan "an gyara shi tsaf"

Masu tara ƙananan jiragen ƙasa na da, irin su Märklin na Jamus, Lionel na Amurka da Hornby Dublo na Ingila, a yi hattara. Akwai masu bin eBay da zaurukan Facebook suna sayen kan jirgin da ya riga ya mutu da arha, su yi masa kwaskwarima, su dawo da shi kasuwa a matsayin wanda ƙwararre ya sake haɗawa. Abin da suka fi ɓoyewa shi ne ciwon tutiya, wato lalacewar da ke cin ƙarfen jirgin ta ciki, kuma duk wanda ya ce maka ya warkar da shi ƙarya yake yi.

Gangar jiki da ƙafafun yawancin waɗannan jirage da haɗin tutiya aka zuba su. Daga shekarun 1930 zuwa na 1950 an sha samun dalma ko kuza ta gauraya da haɗin tun a masana'anta. Ƙa'idar yau ba ta yarda dalma ta wuce wajen 0.005 cikin 100 ba, don kaɗan ɗin nan ya isa ya ci ƙarfen ta ciki. Da farko za ka ga siraran tsaga kamar busasshen taɓo, sannan ƙarfen ya kumbura ya karkace, ƙarshe ya riƙa marmashewa a hannu. Danshi na ƙara masa sauri. Ba mai, ba gam, ba fentin da ke tsayar da shi. Maganinsa ɗaya ne, a cire abin da ya kamu a sa lafiyayye, ko sabon zubi ko daga wani kan jirgin.

Ɗan damfara ba ya yin haka. Yakan cusa fila, wato kwaɓin cike tsaga, a tsagar, ya goge, ya fesa fenti mai kauri, ya ɗiga gam a ƙafar da ta saki sandar da take juyawa a kai. A hoto sai ka rantse bai taɓa hawa layi ba. Bayan 'yan watanni kumburin ya ci gaba, fentin ya dare daidai inda tsagar take, ƙafafu su cije, ɗan damfarar kuwa ya rufe shafinsa ya buɗe wani.

Kar ka dogara da dabarar maganaɗisu da ake gano fila a jikin mota, tutiya ba ta kama maganaɗisu ko da lafiyarta ƙalau. Ka nemi a kwance gangar jikin a ɗauko maka hoton cikinta da ƙasanta, inda fenti bai kai ba. Ka duba kewayen ramukan sukuru da cibiyar kowace ƙafa, nan tsaga ta fi farawa. Kan ƙusoshin ado da layukan tukunyar jirgin su fito rangaɗau. Idan sun dushe kamar an lulluɓe su, fenti ne aka labta. In jirgin na hannunka, ƙwanƙwasa shi a hankali da farce: ƙarfe na amsawa, wurin fila kuwa shiru-shiru. Fitilar UV, irin wadda ake gano jabun kuɗi da ita, ma kan nuna inda sabon fenti ya bambanta da na asali.

Sai maganar injin. Bidiyon daƙiƙa goma da ƙafafu na juyawa a sama, ga kiɗa ya danne ƙarar, cinikin biri a sama ne. A ɗora shi kan layi, ya ja taragu, ya yi minti 10 gaba da baya, a ji sautinsa. Wanda ke ɗingishi a kowane zagayen ƙafa, an cire ƙafafunsa ba a mayar daidai ba, domin fil ɗin da ke riƙe sandar haɗa ƙafafu na dama da na hagu dole su saɓa da digiri 90. Ƙas-ƙas a kai a kai yawanci giyar injin ce, mai haƙora, ta tsage a kan sandarta. A Hornby Dublo, cire amecha, wato ɓangaren injin da ke juyawa, ba tare da kare maganaɗisun injin ba na raunana maganaɗisun, injin ya riƙa jan wuta fiye da kima, ya yi zafi har koyil, wato naɗin wayar amecha, ya ƙone. Kafin ya yi zafi zai tashi lafiya, shi ya sa bidiyonsu ba ya tsawo. Ka sa a auna koyil ukun amechar da mitar auna lantarki. Lambobin su zo kusan daidai da juna, in guda ta yi nisa da sauran akwai ƙuna. Abin takaici, wasu man feshi na WD-40 kawai suke fesawa ya ɗan motsa, alhali man da ya taɓa burushin gawayin da ke kai wa amecha wuta yana cakuɗewa da ƙurarsa ya toshe ramukan da ke raba tagullar amecha.

Akwai kuma masu karɓar gyara. Su amshi kafin alƙalami, su zare ƙafafu, fitilu da injin asali su sayar daban, su mayar maka da na kwaikwayo. Kafin ka aika, ɗauki hoton kowane ɓangare da lambar da ke jikinsa, a rubuta abin da za a canza ɗaya bayan ɗaya, kuma a dawo maka da duk abin da aka cire. Mai gyara na gaskiya ba ya jin haushin wannan sharaɗi.

Wajen biya, idan ya nace sai ta hanyar "'yan uwa da abokai" ta PayPal, ka janye, babu kariyar mai saye a nan. Ranar da kaya ya iso, ɗauki bidiyo tun daga buɗe kwali har gwajin farko, taransifoma na fitowa a ciki. Uzurinsu na kullum shi ne kai ka ba shi wutar da ba tasa ba: tsohon Märklin na H0, wato wani ƙaramin ma'aunin girman jirgin, wutar AC yake ci, wajen bolt 16, Hornby Dublo na bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuwa DC mai bolt 12.