Mai wayarin ɗin Gumel da ya gano ciwon a-kori-kurata

Hunturun bara saura ƙiris na sayar da motata. Hilux ce tsohuwa mai injin 3L, mai shan man gas, da ita nake kai riɗi da awaki kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis daga ƙauyenmu. Da rana lafiyarta ƙalau, ana murɗa makulli take tashi. Amma da asuba, idan sanyi ya sauko, sai ta yi ta gurnani tana fitar da farin hayaki mai yaji a ido, ta ƙi kamawa. Sai an idar da sallah na roƙi mutane su tura min. Sau biyu masu kaya suna sauke dabbobinsu su hau wata motar, kuma wannan ya fi komai ƙona min rai.

Bakaniken farko ya ce batir ne, na sayi sabo, ba ta canja zani ba. Na biyu ya ce famfon mai ne, sai an kwance an kai Kano. Wani direba da muke lodi tare ya ce kada na bari a taɓa famfo sai na je wurin wani mai wayarin a Gumel. Da na je, na tarar wurinsa rumfar kwano ce kawai da benci ɗaya da akwatin sifanoni.

Abin da ya fara burge ni, bai ce komai ba sai da ya ɗauko mitar awon wuta. Ya ɗora ta a kan batir, ta nuna 12.6, ya ce wannan cike yake. Na ce masa fitilar hita tana kamawa a gaban direba, ina kuma jin ƙarar rile ɗin, wato ɗan makunnin da ke sakar wa filogin hita wuta daga batir. Ya ce, "Alhaji, fitila ba ta shaidar filogi. Ita dai tana gaya maka an ba da umarni, ba ta ce wuta ta isa ba."

Sai ya yi min bayanin da ban taɓa ji ba duk shekarun da na yi ina tuƙi. Injin gas ba shi da tartsatsi irin na fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. Idan ƙarfen injin ya kwana cikin sanyi, sai ya shanye zafin. Shi ya sa kowace silinda take da hita filogi, wanda bakinsa ke yin ja jawur cikin 'yan daƙiƙoƙi ya taimaka wa man ya kama. Farin hayakin nan da ke damuna, man gas ne da ya fita bai ƙone ba.

Ya sa yaronsa ya murɗa makulli, shi kuma ya auna wutar da ke shiga rile ɗin da wadda ke fita. Tana shiga 12 da ɗoriya, tana fita 8 da wani abu. Ya ɓalle murfin ya miƙo min. Wurin da ƙarafan biyu ke haɗuwa ya yi baƙi ƙirin, ya ciccinye kamar haƙorin da tsutsa ta ci. Ƙarar tana nan, wutar ce ba ta wucewa sosai.

Na ɗauka an gama, ya ce da saura. Ya kwance siririn ƙarfen da ya haɗa kawunan filogin huɗu, domin a cewarsa idan aka auna su a haɗe, masu rai suna rufa wa matattu asiri. Ya fara haɗa bakin wayoyin mitar da juna don ya san abin da su kansu suke ci, sannan ya bi filogin ɗaya bayan ɗaya, waya ɗaya a kansa, ɗaya a jikin inji. Biyu sun nuna kusan om 1, wato awon da ke nuna wuta na iya ratsa su, ya ce waɗannan da ransu. Biyu kuwa mita ko motsi ba ta yi ba, sun yanke daga ciki. Ashe da rabin hita da rabin wuta nake fama da sanyin Janairu.

Wajen cire su ma bai yi gaggawa ba. Ya ɗiga musu mai, ya bar injin ya ɗumama, ya riƙa sassautawa a hankali. Ya ce idan filogi ya karye a ciki, to sai an sauke kan inji gaba ɗaya. Ya nuna min 11V da aka rubuta a jikinsu, wato ƙarfin wutar da aka yi su dominsa, ya gargaɗe ni kada a haɗa ni da na manyan motoci masu 24, don ba za su yi zafi ba. Ya kuma ja kunnen yarona da ya saba fesa fetur a bakin iska, ya ce ranar da fetur ɗin ya haɗu da filogi mai ja zai iya yi wa injin ɓarna.

Inda ban ji daɗi ba, ba ya ajiye kaya. Sai da aka aika kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano, motar ta kwana biyu a wurinsa, na rasa lodin Talata. Kuma idan yana kan aiki ba ya ɗaga waya, sai ka je da ƙafarka. Ya ba ni shawarar canja duka huɗun tunda tare suka tsufa, na yi jinkiri saboda kuɗi, daga baya na yarda. Ladan hannunsa bai kai kwatar abin da na zuba a batirin da ban buƙata ba.

Alhamis ɗin da ta biyo baya, hazo ya rufe gari, na shiga mota bayan sallar asuba, na murɗa makulli, na jira fitilar ta mutu kamar yadda ya koya min, na tayar. Bugu ɗaya ta kama. Famfon da aka ce a kai Kano yana nan ba a taɓa shi ba, filogin biyu masu rai kuma na naɗe su a tsumma na ajiye ƙarƙashin kujera.